Shugabancin sa kai a ƙungiyoyin ma'aikatan gwamnati: wa ke biyan lokacin wakili?

A ranar 27 ga Maris 2025 Shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu kan wani umarni da ya cire ma'aikatu da hukumomin tarayya masu yawa daga dokar da ta ba ƙungiyoyin ƙwadago ikon zama teburin tattaunawa da gwamnati, inda ya kafa hujja da tsaron ƙasa. Ƙungiyoyin suka garzaya kotu, sannan a watan Agusta na shekarar Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji ta soke yarjejeniyoyin da ke tsakaninta da mafi yawan ƙungiyoyin ma'aikatanta, tana ƙorafi a kan sa'o'in aiki da ɗakunan ofis da wakilan ƙwadago ke amfani da su. Abin da ya ɗaure wa mutane da yawa kai shi ne jin cewa waɗannan wakilai ma'aikatan gwamnati ne masu karɓar albashi daga baitulmali, alhali kuma ana kiransu 'yan sa kai. Idan sa kai suke yi, me ya kawo zancen kuɗin jama'a? Idan kuma gwamnati ce ke biyansu, ta yaya za su iya ja da ita? Wannan ruɗani bai tsaya a Amurka ba, domin kusan kowace ƙasa da ta yarda ma'aikatanta su kafa ƙungiya ta taɓa cin karo da shi.

## Su wane ne shugabannin sa kai

Ƙungiyar ƙwadago tana tafiya ne a kan mutane iri biyu. Akwai ma'aikatan da ita ƙungiyar ta ɗauka aiki take biyansu daga kuɗin da mambobi ke bayarwa, kamar lauyoyi da jami'an hedikwata, wani lokaci har da babban sakatare. Akwai kuma waɗanda abokan aikinsu suka zaɓa daga cikinsu: shugaban reshe, sakataren reshe, ma'aji, da wakilin sashe, wanda shi ne ya fi kowa kusa da ma'aikaci. Waɗannan na biyun su ne 'yan sa kai. Ba su bar kujerarsu ta aikin gwamnati ba, muƙamin ƙungiya bai ƙara musu albashi ba, kuma ranar da wa'adinsu ya ƙare za su koma aikinsu ƙarƙashin daraktan da jiya suka yi musu da shi.

Kalma ta biyu da ya kamata a fayyace ita ce lokacin wakilci, wato sa'o'in aiki da hukuma ke sakin wakili ya yi hidimar ma'aikata ba tare da an yanke masa albashi ba. Dokoki da yawa sun raba hidimar gida biyu. Zama da shugabannin ma'aikata, raka wanda ake tuhuma gaban kwamitin ladabtarwa, da duba lafiyar wurin aiki duk ana ɗaukarsu aikin wakilci ne. Neman sababbin mambobi, yaƙin neman zaɓen ƙungiya da karɓar kuɗin mambobi kuwa harkar cikin gida ce ta ƙungiya. Dokar gyaran aikin gwamnati ta Amurka ta 1978 ta ce dole a yi irin wannan na biyun a wajen lokacin aiki. Dokar Birtaniya ta 1992 ita ma ta bambanta su: hutun da aka ba wakili don aikin wakilci ana biyansa, wanda aka bayar don sauran harkokin ƙungiya kuma doka ba ta tilasta a biya ba.

A takarda rabuwar a fili take. A ofis kuwa ba haka abin yake ba, domin wakilin da ya zauna minti ashirin yana sauraron koken sabon ma'aikaci yana iya zama ya yi wakilci, yana kuma iya zama ya jawo sabon mamba, duk a zama ɗaya.

## Yadda aikin yake a kusa

A ɗauka wata akawu ta iso ofis da safe ta tarar da takardar tuhuma a kan teburinta, an ba ta kwana biyu ta yi bayanin dalilin da ya sa wani fayil ya yi makonni bai motsa ba. Ba shugaban ƙungiya na ƙasa za ta kira ba, ba ta ma da lambarsa. Za ta taka zuwa ɗakin da ke gefe ne ta sami sakataren reshe, wanda shi ma nasa fayilolin na jiransa. Shi zai karanta takardar, ya buɗe kundin ƙa'idojin aiki ya ga ko an bi matakan da aka shimfiɗa, ya tambaye ta ranar da fayil ɗin ya shigo hannunta da wanda ya sa hannu kafin ita, ya hana ta rubuta amsa cikin fushi. Daga nan sai ya nemi izinin shugaban sashensa don ya raka ta zaman bincike, kuma ba mamaki wannan shugaban abokin wanda ya rubuta tuhumar ne. Idan aka gano cewa fayil ɗin ya kwana uku kacal a wurinta, maganar ta mutu a nan. Idan kuma ta tabbata ita ce ta yi sakaci, aikin sakataren ya koma tabbatar da cewa hukuncin bai wuce laifin ba.

Mafi yawan aikin shugabancin sa kai irin wannan ne: ƙarin girman da aka tsallake mutum, alawus da ya maƙale, canjin wurin aiki da ake zargin ramuwa ce, takardun fansho da suka ɓata. Yajin aiki shi ke shiga labarai, amma ƙaramin kaso ne na hidimar, a wasu ƙasashe ma babu shi sam. A Amurka doka ta ba ma'aikacin tarayya damar neman wakilin ƙungiya ya zauna tare da shi a duk binciken da yake da dalilin tsoron zai kai ga hukunci. Haƙƙin yana nan a rubuce, amma ba ya aiki sai in akwai mutumin da zai tashi daga kujerarsa ya je.

## Tushen matsalar

Gwamnati ba kamar sauran masu ɗaukar aiki ba ce. Ita ce mai biyan albashi, ita ce mai yin dokar da ta tsara ƙungiyar, kuma kuɗin da take biya na jama'a ne. Shi ya sa hatta shugabannin da aka sani da goyon bayan 'yan ƙwadago suka yi ɗari-ɗari. A 1937 Shugaba Franklin Roosevelt, wanda a zamaninsa aka ba ma'aikatan kamfanoni 'yancin tattaunawa, ya rubuta wa wata ƙungiyar ma'aikatan tarayya cewa irin wannan tattaunawa ba za a iya dasa ta yadda take a aikin gwamnati ba. Sai a 1962 Shugaba John Kennedy ya ba ƙungiyoyin tarayya amincewa ta hanyar umarni, kafin dokar 1978 ta mayar da abin doka. Ko a lokacin ma an ɗaure musu hannu: yajin aiki haramun ne ga ma'aikacin tarayya, kuma mafi yawansu ba sa ciniki a kan albashi, domin majalisa ce ke yanke shi. Da masu kula da zirga-zirgar jiragen sama suka gwada yajin aiki a 1981, Shugaba Ronald Reagan ya kori sama da mutum 11,000.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, wato hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai tsara ƙa'idojin aiki, ita ma a hankali ta zo ga batun. Yarjejeniya ta 87 ta 1948 ta ba ma'aikata 'yancin kafa ƙungiya, ta bar wa kowace ƙasa ta yanke hukunci a kan sojoji da 'yan sanda. Ta 98 ta 1949 ta kare tattaunawa amma ta ware jami'an da ke tafiyar da mulkin ƙasa. Ta 135 ta 1971 ta hana a cutar da wakili saboda wakilcinsa. Sai a 1978, da yarjejeniya ta 151, aka yi magana kai tsaye a kan aikin gwamnati, aka ce a ba wakilai damar yin aikinsu cikin sauri da nagarta a lokacin aiki da bayansa, da sharaɗin kada hakan ya gurgunta aikin hukumar. Duk jayayyar da ake yi yau tana tsakanin waɗannan jimloli biyu ne, domin yarjejeniyar ba ta faɗi awa nawa ba ne suka isa, ba ta kuma faɗi daga ina gurguntawa ke farawa ba.

Ƙasashe sun ja layinsu a wurare daban-daban. A Jamus wani rukuni na jami'an gwamnati, ciki har da malamai da yawa, ba su da 'yancin yajin aiki, kuma kotun tsarin mulkin ƙasar ta tabbatar da haka a 2018. A Birtaniya gwamnatin Margaret Thatcher ta hana ƙungiya a cibiyar leƙen asirin sadarwa ta GCHQ a 1984, haramcin bai tashi ba sai 1997. A Najeriya, inda ƙungiyar ƙwadago ta farko ta ma'aikatan gwamnati ce da aka kafa a 1912, doka ta hana sojoji, 'yan sanda, jami'an kwastan, na shige da fice, na gidan yari da ma'aikatan Babban Banki shiga ƙungiya.

## Hujjar masu son a rage

Masu neman a taƙaita lokacin wakilci suna farawa ne daga mai biyan haraji. An ɗauki ma'aikaciyar jinya ne don ta kula da marasa lafiya, in ji su, kuma duk awar da ta yi a taron ƙungiya awa ce da majiyyaci bai samu ba, ko kuma aka biya wani ya cike gurbinta. Alƙaluman ofishin kula da ma'aikatan tarayyar Amurka sun nuna an yi amfani da kimanin awa miliyan 3.6 a 2016. Abin da ya fi ɓata musu rai shi ne wakilin da aka sauke wa aiki gaba ɗaya, wanda zai shekara da shekaru bai taɓa aikin da aka ɗauke shi dominsa ba, amma sunansa na cikin jerin masu albashi. Suna ƙarawa da cewa ƙungiyoyin ma'aikatan gwamnati sukan shiga siyasa, saboda haka ɗan ƙasar da bai yarda da manufarsu ba ana sa shi ya tallafa musu da harajinsa.

Wannan ra'ayi ya zama manufa a wurare biyu sanannu. A 2012 gwamnatin Birtaniya ta tsara cewa wakili a aikin gwamnatin tsakiya ya riƙa yin aƙalla rabin lokacinsa a kan aikinsa na asali, kuma kuɗin lokacin wakilci ya tsaya kusa da kashi 0.1 cikin ɗari na jimlar albashi. Dokar 2016 ta biyo baya da tilasta wa hukumomi su riƙa wallafa alƙaluman. A Amurka kuwa Trump ya ba da umarni a 2018 cewa kada wakili ya wuce kashi 25 cikin ɗari na lokacin aikinsa, kuma a 2019 jimlar sa'o'in ta sauko zuwa kimanin miliyan 2.6. Joe Biden ya soke umarnin a Janairun 2021, sannan 2025 ta zo da abin da ya fi na farko tsanani. Tufka da warwara irin wannan kan bar reshe bai san a kan wace ƙa'ida zai tsara shekararsa ba.

## Hujjar masu kare shi

Ƙungiyoyi suna amsawa da cewa lissafin bai cika ba, domin an ƙirga abin da aka kashe ba a ƙirga abin da aka tsira da shi ba. Koken da wakili ya kashe a ofis cikin awa biyu, da babu shi zai iya zama shari'ar da za ta ci shekaru da kuɗin lauyoyi, ko ya sa ƙwararren ma'aikaci ya ajiye aiki. Suna kuma nuna cewa idan aka raba waɗancan miliyoyin sa'o'i a kan yawan ma'aikatan da ake wakilta, abin da ke faɗa wa kowane mutum 'yan sa'o'i ne a shekara.

Hujjarsu mafi ƙarfi ta fito ne daga yadda dokar kanta take. A tarayyar Amurka ba a tilasta wa kowa ya biya kuɗin ƙungiya, amma an tilasta wa ƙungiyar ta wakilci duk wanda ke ƙarƙashin yarjejeniyarta, mamba ne ko ba mamba ba. Hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 2018 a ƙarar da wani ma'aikacin jiha mai suna Janus ya shigar ya kai wannan tsari har zuwa ma'aikatan jihohi da ƙananan hukumomi. Najeriya ma ta mayar da shiga ƙungiya ganin dama a gyaran dokar 2005. Duk inda aka yi haka, wanda bai ba da ko sisi ba yana cin moriyar abin da aka samo, kuma ƙungiyoyi suna ganin lokacin wakilci a matsayin diyyar wannan nauyi da doka ta ɗora musu. Idan an janye diyyar aka bar nauyin, in ji su, ba a rage kashe kuɗi ba ne, an kashe wakilci ne a fakaice.

Akwai gaskiya a ɓangarorin biyu da ɗayan ba ya son ambata. Masu son ragewa ba su cika faɗin wanda zai yi aikin ba idan wakili ya daina. Masu karewa kuma ba su cika yarda cewa rashin rubuta sa'o'i dalla-dalla yana buɗe ƙofar wasa da damar ba, kuma shi ya ba abokan hamayyarsu makami.

## Hanyoyi uku, kowace da kuɗinta

Idan aka cire hayaniyar siyasa, lokacin wakili ɗaya daga cikin mutum uku ne ke biyansa. Na farko shi ne wakilin da kansa, ta hanyar yin hidimar bayan tashi daga aiki, a ranakun hutu, ko da kwanakin hutunsa na shekara. Wannan shi ne sa kai tsantsa, kuma yana tace waɗanda za su iya tsayawa takara: mai ƙananan yara, mai aikin dare, da ƙaramin ma'aikacin da ke neman wani abin yi da yamma don ya cike albashi duk sun fita, mata kuma su suka fi faɗawa wannan rukuni. Ga kuma matsalar cewa kwamitin ladabtarwa ba ya zama da daddare.

Na biyu ita ce ƙungiya, ta biya hukuma kuɗin sa'o'in wakili ko ta ɗauki jami'ai na dindindin. Wannan ya fi kare 'yancinta, amma yana nufin ƙarin kuɗin mambobi, kuma ƙananan rassa ba za su iya ba. Jami'in da ke zuwa daga hedikwata yana iya fin wakili sanin doka, sai dai bai san wane darakta ne ke sauraron magana a keɓe ba, da wanda sai an rubuta masa.

Na uku ita ce gwamnati, kuma a nan haɗarin ya sha bamban da wanda masu suka suka fi ambata. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shugaban reshen da aka sauke wa aiki gaba ɗaya, aka ba shi ofis da kujera a kwamitoci, yana da abin da zai rasa idan ya ɗaga murya, kuma hukuma mai wayo ta san cewa ƙarin girma a kan kari ko tafiyar kwas zuwa waje sun fi barazana saurin sanyaya mutum. Ta wani gefen kuma, wanda ya ƙi sanyi yana iya tsintar kansa an yi masa canjin wurin aiki zuwa inda babu mambobi, da takarda mai cewa buƙatar aiki ce ta sa. Jamus ta yi ƙoƙarin toshe ƙofofin biyu ga mambobin majalisar wakilan ma'aikata, wadda duk ma'aikatan hukuma ke zaɓa: doka ta hana a cutar da su, ta kuma hana a fifita su, kuma idan lokacin ƙarin girma ya zo ga wanda aka sauke wa aiki, ana auna shi ne da yadda takwarorinsa suka ci gaba.

Wata matsalar daga cikin gida take. Saboda aikin yana da wahala kuma ba ya kawo kuɗi, sau da yawa zaɓen reshe ba ya samun 'yan takara, sai mutum ɗaya ya yi ta komawa babu hamayya. A hankali shi kaɗai ya san kundin ƙa'idoji, shi kaɗai shugabanni suka sani, littafin kuɗi ma yana aljihun tebur ɗinsa. Ba lallai ne ya yi niyyar yin kane-kane ba. Amma ranar da ya yi ritaya reshen kan wayi gari babu wanda ya taɓa rubuta koke ko sau ɗaya. Ƙayyade wa'adi yana maganin wannan, sai dai yana zubar da gogewa, shi ya sa wasu ƙungiyoyi suka fi son raba aikin ga mataimaka da yawa da kuma binciken kuɗi na shekara-shekara da wani daga waje zai yi.

## Abin da zai shafi ma'aikaci da mai zuwa neman hidima

Ga ma'aikaci, tasirin farko na rage lokacin wakilci ba a albashi zai gan shi ba. Zai gan shi ne ranar da aka kira shi bincike ya nemi wanda zai raka shi aka ce masa wakilin ya cinye sa'o'insa na wata, ko kuma ba a sake shi ba. Babban jami'i zai iya ɗaukar lauya. Masinja da direba da mai shara ba za su iya ba, kuma su ne suka fi dogara da wakilin sashe. Inda aka dakatar da cire kuɗin ƙungiya daga albashi kai tsaye, nauyin bin mambobi ɗaya bayan ɗaya su biya ta banki shi ma a kan 'yan sa kai yake faɗawa.

Ga mai zuwa ofishin gwamnati neman fasfo, magani ko fansho, lissafin yana da fuska biyu. Idan an mayar da wakilai bakin aikinsu, hannun da ke kan teburi ya ƙaru, kuma a ƙaramin sashe mai mutum biyar dawowar mutum ɗaya abu ne da za a ji. Amma wakilai su ne sukan fara kai ƙarar ƙarancin ma'aikata, lalacewar kayan aiki ko umarnin da ya saɓa ƙa'ida, domin suna da kariyar da ma'aikaci shi kaɗai ba shi da ita. Koken da bai sami hanyar fita ba kuma yakan koma jan ƙafa a aiki, yawan neman hutun rashin lafiya, ko ajiye aiki.

Ga wanda abokan aikinsa ke roƙo ya tsaya takarar reshe, amsoshin da yake buƙata suna cikin takardu biyu, yarjejeniyar ƙungiya da hukuma da kuma kundin tsarin mulkin ƙungiyar. A cikinsu zai ga sa'o'i nawa aka ware da wanda ke ba da izinin amfani da su, ko za a rage masa aikinsa na asali ko kuwa zai dawo ya tarar da shi a jibge, yadda za a auna ƙwazonsa a ƙarshen shekara, wanda zai sa hannu kafin a yi masa canjin wurin aiki, da kuma ko ƙungiyar za ta ɗauki lauya idan tuhumar gaba da sunansa ta zo.